Lasifika Marar Akwati: Tambayoyinku Kan Buɗaɗɗen Allo da Sautin Silimar Da

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan abu guda suke magana, wato lasifikar nan da ake kafewa a jikin faffaɗan allon katako, babu akwati, bayanta a fili, wadda masu ƙera ta suke cewa daga gidajen silima na da suka samo salonta. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a Zariya. Maigidan da ya koya mini aiki ya sha faɗa mini cewa sifika ba ta ba da bes, wato kakkauran sauti, sai an rufe ta cikin akwati. Sai ga shi na ga hoton wufa biyu, wato manyan sifikun bes, masu inci 15 a jikin allo, bayansu a buɗe, ana cewa haka ake yi a silima a zamanin da. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maigidanka bai yi kuskure ba, su ma masu allon ba ƙarya suka yi ba, sai dai kowannensu ya riƙe gefe guda na maganar.

Idan takardar wufa ta turo gaba, tana matse iskar da ke gabanta, a daidai wannan lokaci kuma tana barin gurbi a bayanta. In babu abin da ya shiga tsakani, iskar gaba za ta kewaya ta gefe ta cike gurbin baya, sautin ya mutu tun bai kai kunne ba. Ɗauki mafici ka kaɗa shi, za ka ji iska tana zamewa ta gefensa, amma ba za ka ji amo ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Siririn sauti mai girgiza 1000 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz 1000, tsawon zangonsa santimita 34 ne kacal, saboda haka ƙaramin allo ma ya isa ya raba gabansa da bayansa. Shi kuwa kakkauran sauti na Hz 40, wanda yake daf da mafi kaurin amon jitar bes mai tsirkiya huɗu, zangonsa ya haura mita 8, kewaya ƙaramin allo a wurinsa ba komai ba ne. Akwati yana kulle sautin baya ne gaba ɗaya, shi kuwa allo tsawaita masa hanya kawai yake yi.

Kana iya gwada wannan a shagonka yau ɗin nan. Riƙe sifika tsirararta a hannu tana kiɗa, za ka ji muryar siririya kamar ta rediyon aljihu. Sa'an nan ka samo babban kwali, irin wanda ake sako firji a ciki, ka yanke rami daidai girmanta, ka manna ta a ramin ba tare da ka taɓa maɓallin ƙara ba. Nan take kaurin zai bayyana, kamar an sauya sifikar.

To me ya sa wani zai guje wa akwati? Domin shi ma yana da nasa aibu. Duk ƙarfin da takarda ta fitar ta gaba, kwatankwacinsa take zubawa cikin akwati, kuma ba ɓacewa yake yi ba: wani ya girgiza bangon akwatin, wani ya yi ta kai da komo a ciki har ya sake fitowa ta siririyar takardar a makare. Wannan ne gunjin da kake ji a akwatunan da ba a ƙera da kyau ba, inda kowane bugun ganga yake fitowa da amo iri ɗaya.

Game da silima kuwa, maganar tana da tushe. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka wallafa bayanin sifika mai takarda da koyil, irin wadda kake gyarawa har gobe. Da fim mai magana ya kankama a 1927, matsalar injiniyoyi ita ce amfilifayar lokacin, mai kwalaben bawul, 'yan wat kaɗan take bayarwa, ga zaure mai cin mutum dubu ko fiye. Kamfanin Western Electric ya magance wannan da na'urarsa mai lamba 555, wadda Edward Wente da Albert Thuras suka tsara, aka haɗa ta da dogon ƙaho naɗaɗɗe kamar dodon koɗi. Magana tana fita tangaran, amma kauri ya yi ƙaranci. A farkon shekarun 1930 sai kamfanin ya ƙara manyan wufa a jikin buɗaɗɗen allo domin su ɗauki kakkauran sauti, ƙahon ya riƙe na tsakiya, wata 'yar ƙaramar na'ura kuma ta ɗauki siririn.

Wannan tsari ya zo da wata matsala da ta zama sananniya a tarihin sana'ar. Sautin ƙaho sai ya bi doguwar hanyar cikin ƙahon kafin ya fito, na allo kuwa kai tsaye yake fita, saboda haka a kamfanin fim na MGM aka lura cewa bugun takalmin mai rawa sau biyu ake jinsa. Douglas Shearer, shugaban sashen sauti na kamfanin, ya tara injiniyoyi, cikinsu har da John Hilliard, James Lansing kuma ya ƙera musu sifikun. A 1935 suka fito da sabon tsari mai wufa inci 15 a cikin lanƙwasasshen ƙaho, da fukafukan katako a gefe, bayansa kuma a buɗe. A Jamus ma kamfanin Klangfilm, wanda Siemens da AEG suka kafa a 1928, ya yi suna da lasifikarsa Eurodyn, wadda ake kafewa a allo mai mita 2 tsawo da mita 2 faɗi. Wasu daga cikin allunan da kake gani a hotuna a yau daga waɗannan biyun suka ɗauko kama.

Sai dai akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Silimar ce da kanta ta bar buɗaɗɗen baya. A 1945 kamfanin Altec Lansing ya fito da Voice of the Theatre, wadda aka rufe bayanta aka bar mata kafofin fitar iska, domin sautin da ke fita ta baya yana yawo a bayan labulen fim yana dagula magana, kuma ana son ƙarin kauri. Ban da haka, ma'aunin sautin da masana'antar fim ta Amurka ta amince da shi a 1938 ya rage ƙarfin sautin Hz 40 da desibel 7 (da desibel ake auna ƙarfin sauti). Ke nan rugugin da ke girgiza kujera a silimar zamani ba gadon wancan zamani ba ne. Abin da ya cancanci a gada daga wurinsu, a ganina, shi ne sauƙin numfashi: manyan takardu marasa nauyi, masu motsi kaɗan, waɗanda wat biyu ko uku ke isar su cika ɗaki. Wanda ya taɓa jin ganga ta irin wannan lasifika ya san bugun yana zuwa ya wuce ba ya barin jela, kuma saboda wannan ne nake ƙaunar tsarin duk da wahalarsa.

A gidaje ma buɗaɗɗen allo bai taɓa mutuwa ba, ko da yake ƙaramin rufaffen akwatin da Edgar Villchur ya fito da shi a 1954 ya mamaye kasuwa. Gilbert Briggs na kamfanin Wharfedale a Ingila ya sayar da buɗaɗɗen allo mai yashi a tsakanin katakonsa a tsakiyar shekarun 1950, sa'an nan Siegfried Linkwitz, injiniyan da ya rasu a 2018, ya shafe shekaru yana lissafin al'amarin dalla-dalla, har ya fitar da Orion a 2002 da LX521 a 2012.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni kafinta ne a Maraɗi, ina so in ƙera irin wannan allo da hannuna. Wane girma zan yanka, wane katako ya dace, kuma kowace wufa ce take yi?

Amsa: Allah ya yi wa sana'a albarka. Aikin katakon ba zai ba ka wahala ba, inda ake faɗuwa shi ne zaɓen wufa, amma bari mu fara da awo.

Auna tazarar da sauti zai bi daga tsakiyar bayan wufa ya kewayo gefen allo mafi kusa. A allo shimfiɗaɗɗe wannan kusan rabin faɗinsa ne. Bisa lissafin Linkwitz, idan ka raba 58 da wannan tazara a mita, za ka sami wurin da allon yake daidai da rufaffen akwati a ƙarfi. Allo mai faɗin mita 1 tazararsa rabin mita ce, amsar kuwa wajen Hz 116. Daga nan zuwa ƙasa, duk lokacin da adadin girgiza ya ragu da rabi, allon yana asarar desibel 6 a kan akwati: 6 a Hz 58, 12 a Hz 29. Allon Jamusawan nan mai mita 2 sai a Hz 58 yake fara wannan asara, ka ga dalilin girmansa. Su a bayan labule suke ɓoye shi, wuri bai dame su ba, kai kuwa a falo za ka ajiye naka.

Dabarar da ake yi ita ce a naɗe allon. A bar fuska mai faɗin santimita 50 zuwa 60, a kafa fukafukai a gefe biyu suna kallon baya, ko kuma rabi gaba rabi baya, yadda in ka leƙo daga sama za ka ga siffar harafin H. Hanyar sauti ta ƙaru ke nan ba tare da allon ya cinye ɗaki ba. Amma kada kwaɗayin kauri ya sa ka zurfafa fukafukan, domin in suka zarce santimita 20 zuwa 30 sai lungun ya fara amo irin na bututu, ka dawo da gunjin da ka gudu. Ka kuma sa wufa kusa da ƙasa, domin daɓe yana tare hanya ɗaya daga cikin hanyoyin kewayawa, ya ƙara maka kauri kyauta.

Katako kuwa, filawud mai kaurin milimita 18 ka haɗa biyu da gam, ka matse su sosai. Ka fi ni sanin abin da hunturu ke yi wa katakon da bai bushe ba, da yadda allon garin katako yake kumbura da damina in ba a shafe shi ba. Ka yi masa gindi mai nauyi, domin duk turin da takarda ta yi gaba, allon baya yake son komawa, kuma in yana rawa bugun ya rasa kaifi. Ka fere bakin ramin ta baya domin iska ta sami hanyar fita. Bayan wufar kuma ka lulluɓe shi da yadi mai shara-shara ko ragar sauro, saboda ƙura da yatsun yara.

Yanzu ga wufa. A takardar bayanin kowace wufa ta kirki akwai lambar da ake kira Qts, wadda take nuna yadda mayen ƙarfenta yake riƙe takardar. Yawancin wufar da masu kiɗan biki suke saye lambarsu tana wajen 0.3 zuwa 0.4, domin an yi su ne don akwati, in ka ɗora su a allo za ka ji su fayau babu nama. Allo yana son wadda lambarta take daga 0.7 zuwa ɗan sama da 1, wadda da kanta take ƙara ƙarfi a wajen mafi kaurin amonta, ta cike giɓin da allo ya bari. Shi ya sa Eminence Alpha-15A, wufa mai sauƙin kuɗi wadda lambarta ta haura 1, ta yi farin jini a wurin masu wannan aiki bayan injiniya Martin King ya wallafa tsarinsa da ita. Wanda yake da wufa mai ƙaramar lamba sai ya ba ta amfilifaya tata ta daban da ikwalaiza mai ɗaga kakkauran sauti, kamar yadda Linkwitz ya riƙa yi.

Girma ba abin sasantawa ba ne a nan. Takardar inci 15 tana da faɗin fili wajen santimita murabba'i 850, ta inci 12 kuwa ɗari biyar da 'yan kai. Inci 15 guda ɗaya a kowane gefe shi ne mafi ƙaranci, biyu sun fi. Dalili shi ne, domin a riƙe ƙarfi ɗaya yayin da girgiza ta ragu da rabi, wufar rufaffen akwati sai ta ninka motsinta sau 4, ta allo kuwa sau 8. Saboda haka kada wat 200 ko 300 da aka rubuta a jikinta ya ruɗe ka. Wannan adadin zafin da koyil zai iya jurewa ne, amma a allo, inda babu iskar akwati da ke tare takardar, tana iya kai iyakar motsinta tun kafin rabin wannan. In ka ji ƙas-ƙas a bugun ganga, rage ƙara nan take. Ka sa matatar da za ta yanke abin da ke ƙasa da Hz 30, wufar kuma ka tsayar da aikinta a wajen Hz 150 zuwa 200, wata sifikar ta karɓa daga nan.

Kafin ka ɗaure waya, taɓa bakin kowace wufa da batir ɗin tocila mai bolt 1.5 na ɗan lokaci, ka ga ko gaba takardar ta yi ko baya, ka yi alama. In wufa biyu suka saɓa, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin gaba ɗaya zai tafi.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Kaduna. Falonmu mita 4 ne da mita 5, bango siminti, ƙasa tayil. Ƙaramar wufar akwatin da muke da ita gunji take yi har maƙwabta suna magana, muryar mai karatu ma ba ta fita sosai. Buɗaɗɗen allo zai yi mana magani?

Amsa: Malama, irin ɗakinki ne ya fi kowane cin moriyar wannan tsari, amma da sharaɗi guda.

Akwati yana watsa kakkauran sauti ta kowace fuska daidai, ya doki bango huɗu da rufi da ƙasa, siminti da tayil kuwa ba sa shan komai, mayarwa suke yi. A ɗaki mai tsawon mita 5 amon wajen Hz 34 yana taruwa ya kumbura, a faɗin mita 4 kuma na wajen Hz 43, haka ma ninkinsu, su ne gunjin da kike ji yana danne murya. Shi allo gaba da baya yake jefa sauti, a gefensa kuwa sautin gaba da na baya suna kashe juna. In kika zaga shi yana kiɗa, da kin zo daidai gefensa za ki ji kaurin ya kusan ɓacewa, ki matsa taku biyu ya dawo. A lissafi, idan ƙarfin da ke isa kujerarki ɗaya ne, abin da allo yake zubawa cikin ɗakin baki ɗaya kashi ɗaya ne cikin uku na abin da akwati yake zubawa. Ɗakin ba ya amsawa da yawa, abin da ke ratsa bango zuwa maƙwabta ma yana raguwa, ko da yake ba zai ɗauke sarai ba.

Sharaɗin shi ne wuri. Allon yana bukatar aƙalla mita 1 tsakaninsa da bangon da ke bayansa, domin sautin baya ya yi tafiyar mita 2, zuwa da dawowa, ya iso bayan na gaba da kimanin kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, jinkirin da kunne yake ɗauka a matsayin yalwar wuri. In kika jingina shi da bango, kaurin ya ragu, muryar ta cakuɗe. A ɗaki mai mita 5 wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, sai ku duba da maigida ko kujeru da hanyar wucewa za su bari. In ba za su bari ba, kada ku kashe kuɗi a banza: ku fitar da wufar da kuke da ita daga kusurwa, ku rage ƙarfinta, ku shimfiɗa kafet, ku rataya labule mai kauri, za ku ji bambanci.

Tambaya: Ina sana'ar kiɗan biki da taro a Kano. Ɗaukar akwatuna yana cinye mini kuɗin mota. Zan iya komawa allo, tunda ya fi sauƙin ɗauka?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka soma. Sana'arka ƙarfi take nema a buɗaɗɗen fili, inda babu bangon da zai taimaka, allo kuwa ƙarfi yake sayarwa ya sayi tsabta. Abin da akwati guda yake yi a Hz 50, ƙaramin allo sai ya tara wufa biyu ko uku kafin ya kamo shi, kuma a daren farko za ka yaga takardunsu. Akwati mai kafar iska ko mai ƙaho shi ne naka.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Kumasi. Na sami tsohuwar wufa mai nauyin gaske a cikin kayan kakana. Wayoyi huɗu ne a jikinta, kuma bayanta ba ya kama ƙarfe. Na haɗa ta da amfilifaya, da ƙyar ake jin motsinta. Ta mutu ne?

Amsa: Ɗana, da alama ba ta mutu ba, kuma ka riƙe ta da kyau. Bisa bayaninka, irin wufar nan ce da ake kunna mayen ƙarfenta da lantarki. Kafin ƙarfen alniko mai ƙarfi ya wadata a wajen tsakiyar shekarun 1940, manyan sifikun silima da na rediyo da yawa haka suke: a bayansu akwai babban naɗin waya a kan ƙarfe, sai an ba shi wuta yake zama mayen ƙarfe. Wayoyi biyu na koyil ɗin murya ne, biyun kuma na wannan naɗi.

Sa mitar awon lantarki ka auna om ɗin wayoyin, wato yawan turjiyarsu ga wuta. Biyun da suka nuna 'yan om kaɗan, galibi ƙasa da 16, mai yiwuwa su ne na murya. Na naɗin kuwa sun bambanta ƙwarai daga sifika zuwa sifika. Na'urar Western Electric 555 bolt 7 kawai take bukata, amma naɗin da ya nuna om ɗaruruwa ko dubbai an yi shi ne don wuta mai ƙarfi, wadda takan kai bolt 100 ko fiye, kuma tana iya kisa. Wutar ma miƙaƙƙiya yake so, irin ta batir, saboda haka kada ka kuskura ka cusa wayoyin a soket ɗin bango. Duba jikinta ko akwai farantin da aka rubuta bolt, sa'an nan ka kai ta wurin gogaggen mai gyara wanda ya san kayan bawul.

In ta tashi, kana da abin da masu buɗaɗɗen allo suke biyan kuɗi mai yawa su samu, har wasu ƙananan kamfanoni sun koma ƙera sababbi. Sirrin shi ne ƙarfin mayen yana hannunka. In ka rage wutar naɗin kaɗan, riƙon da yake yi wa takarda ya sassauta, lambar Qts ta hau, kauri ya ƙaru a allo. In ka mayar da ita daidai ƙa'idarta, bugun ya ƙara kaifi, kaurin ya ja baya. Kada dai ka zarce bolt ɗin da aka rubuta, domin naɗin yana zafi, rufin tsohuwar waya kuma ya riga ya gaji. Kafin ka ba ta wuta ko kaɗan, ɗora yatsu huɗu a kewayen tsakiyar takardar ka danna a hankali. In ta shiga ta dawo shiru, koyil ɗin yana zaune daidai. In ka ji tana gogawa kamar da yashi a ciki, tsatsa ko ƙura ta shiga ramin koyil, sai an buɗe an share kafin a kunna.